Fulogi na Uku

A wata gona na same ta, bayan duwatsun Tandil,
kaji sun mayar da ita akurki,
ƙwai uku a mazaunin direba.
Mai gonar, Eusebio, ya ce, "Buhun masara biyu,
ka kuma bar mini kajina."
Fijo ce, huɗu-sifili-huɗu,
ta girmi 'yata ta fari da shekara guda.

Ranar da aka jawo ta da igiya
Nélida ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu,
ta dubi tsatsa, ta dube ni:
"Ovidio, wa za a fara binnewa, kai ko ita?"

Shekara talatin da huɗu ina raba wasiƙu a kan keke,
ban san sifana goma da sha uku ba.
Ga ni yanzu kwance a kan kwali duk Asabar,
sanyin Yuli na cin ƙashin bayana,
ƙoƙon mate na hucewa a kan batir,
noti ɗaya ya cinye mini wuni.
Tsatsa ba ta jin lallashi, ba ta jin ashar,
kananzir take ji, da kwana biyu na kawar da kai.

Na kwance inji na shanya a kan tsohon zanen gado,
fistin huɗu a jere kamar ɗalibai masu jiran bulala.
Da na haɗa, kusoshi biyar suka rage.
Na zuba su a gwangwanin zaitun,
ban faɗa wa kowa ba.

Lagireto na yoyo, an yi masa walda.
Birki ya daskare, ya saki.
Na kafa bel a kujerar baya saboda jikata Amparo,
'yan ƙungiyar tsofaffin motoci suka taɓe baki:
wai kamfani bai yi ta da shi ba.
Na ce kamfani bai san Amparo ba.

Kafireta ce ta gagara.
Na rubuta wasiƙa goma sha ɗaya,
ni da na ƙare ƙuruciya ina kai na wasu.
Ta sha biyu ce ta dawo da amsa daga Rosario:
ƙunshi a cikin jarida, yana warin tsohon fetur,
da 'yar takarda, rubutun na rawa.
"Ido ya hana ni tuƙi. Kar ka aiko da kuɗi.
Ran da ta tashi, ka kira ni in ji.
Fulgencio."

Nélida da ta rantse ba ruwanta,
na kama ta da dare tana auna kujeru da taƙi.
Ita ta ɗinka rigunansu,
ita ta zaɓi fenti, ruwan ganye irin na butar shayinta.

Wata Asabar, bayan hunturu uku,
na murɗa makulli.
Tari. Shiru.
Na sake. Tari, atishawa, hayaƙi ya turnuƙe gareji,
karen maƙwabci ya tsallake shinge,
sai ga ta tana gurnani daga can cikin ƙirji,
madubi na kakkarwa, ni ma haka.

Na buga waya da hannu duk baƙin mai,
na durƙusa, na kara ta a bakin salansa.
Minti guda babu wanda ya ce uffan.
Na mayar kunne, na ji dattijo yana jan hanci.
Can ya gyara murya:
"Yaro, fulogi na uku yana tsallake."

Shekarata saba'in da ɗaya.
Na ɗaga bonet, na duba.
Gaskiyarsa ne.